Ta'aziyya a Rumfar Sanyi

Tun shekarar da zafi ya hana zaman ƙofar gida a Sakkwato, hukuma ta gina rumfunan sanyi, ta ce duk wani taro a cikinsu za a yi. Kowa ya sa albarka, ban da Malam Barau mai ciwon jijiyar fuska. Da zarar iska mai sanyi ta shafi kuncinsa na dama, sai ya ji kamar an soka masa allurar da aka gasa a wuta. Tauna na tada ciwon, haka alwala da ruwan randa, har dariya ma. Shekara shida ke nan rabonsa da majalisa.

Ranar Talata aka ce amininsa Tanko ya rasu.

Ya rufe fuska da rawani, ya tafi ta'aziyya. A bakin rumfar ya tsaya, yana kallon yadda iska ke ɗaga gefen tabarma. Sannan ya shiga.

Bai kai ga zama ba ciwon ya taso. Hawaye suka ɓalle, baki ya ƙi buɗuwa, ko "Allah ya jiƙansa" ta gagara.

Nafi'u, babban ɗan mamacin, ya riƙe hannunsa. "Baba, ka yi haƙuri. Wallahi duk abokansa kai kaɗai ka yi masa kuka."

Malam Barau ya sunkuyar da kai, ya fito.

Sai da ya yi nisa cikin rana, ciwon ya lafa, sannan kukan Tanko ya zo masa. Titi kuwa babu kowa.