Rumbun da Babu Ciyawa a Cikinsa

Ranar da aka ba Malam Sallau aikin koyar da darasin zama ɗan ƙasa nagari a sakandare, da ɗokinsa ya je wa Hajiya Tabawa, tsohuwar shugabar makarantar. Ya ce shi dokoki da haƙƙoƙi zai zuba wa ɗalibai, batun tsoron Allah da riƙon amana kuwa a bar wa gida. Hajiya ta yi dariya ta ce ya zauna ya ji.

Wani magini ne aka ba ginin rumbun da duk ƙauye za su ajiye irin gero. Kai, ranar ko abinci bai iya ci ba don murna! Ga sunansa zai fita. To, al'adar magina sai an cuɗa ƙasa da yankakkiyar ciyawa, a tattake, a bar ta ta tsima, sannan a ɗora gini. Gogan naka ya ce ina, wa zai tsaya wannan wahala, ciyawar da ko an sa ba mai ganinta? Ya kwaɓa ƙasa zalla, ya tayar da rumbu kafin a ce kwabo, ya shafe shi da makuba har yana ƙyalli. Jama'a suka yi ta sa albarka, shi kuwa sai washe baki yake. Da kaka ta yi, kowa ya kawo irinsa aka zuba, har da nasa, aka liƙe baki.

Zafin bazara na bugawa, bango ya yi 'yar tsaga ta baya. Ya gani sarai, har da ƙadangare yana leƙe, ya ce wannan ai ba komai ba ne. Ashe inda ƙadangare ya bi, ɓera ma ya bi, gara ta rufa musu baya. Ranar da ruwan shuka ya sauka, gari ya ruɗe da murna, mata na guɗa, kowa ya ɗauko ƙwarya sai rumbu. Magini ne a gaba, shi ya hau da kansa ya fasa baki ya zura hannu. Tabɗi! Ƙaiƙayi ya damƙo da kashin ɓera. Ga ƙasa ta jiƙe tana jiran iri, ga gari duk an ɗaga ƙorai sama ana jiransa, shi kuwa kunya da baƙin ciki sun hana shi saukowa.

Hajiya Tabawa ta ce, "To ka ji, Malam. Koya musu doka, yaɓe ne mai kyau. Amma ka cuɗa musu da tsoron Allah tun ƙasar tana ɗanya, don gobe su za a ba ajiyar ƙasa a inda babu mai ganinsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."