Golan da Ba Ya Shekara Biyu a Gari Ɗaya

Ƙusar da ta riƙe hotonsa a katin rajista ƙafa biyu gare ta, amma huda huɗu ce a jikin katin. Duk sakataren kulob da ya tambaya, sai golan ya ce ɓera ne. A yi dariya, a buga hatimi, a wuce.

Kyanwa ake ce masa, don ko ta ina aka jefa shi da ƙafafu yake sauka. Shekara goma sha uku yana tsaron raga a ƙananan kulob-kulob, irin waɗanda ladan cin wasa shi ne tuwon dokunu da kifi. Nsawam, Swedru, Akim Oda, Tarkwa, har Bolga ya taka. Kulob tara, akwati ɗaya. Katin ya ce shekarunsa talatin da ɗaya, gwiwoyinsa kuwa suna rantsuwa sun fi haka.

Mutum ne mai abin mamaki. In koci ya kira sunaye, sai an ce "Seidu Alhassan" sau biyu yake amsawa, har aka yanke cewa ƙwallo ta taɓa masa kunne. In rafali ya zo kusa, hannayensa biyu a baya, kamar ɗan makaranta gaban hedimasta. Kuma ɗan unguwar Nima ne ta Accra, amma ranar da za a je wasa Accra, ranar cikinsa ke ɓaci.

Abin da ke korarsa daga gari kuwa, tsohuwa ce.

A Nsawam ya fara ganinta. Wata huɗu da zuwansa, ya ture wata ƙwallo, fili ya ɗauka: "Sei-du! Sei-du!" Ya waiga ɗauko ƙwallon, sai ga ta bayan raga, da farin mayafi, ido a rufe, leɓɓanta na motsi. Ba ta tafa ba, ba ta yi murmushi ba. Kafin a tashi ta ɓace. Washegari ya hau trotro, motar haya, ya bar garin.

A Swedru ta ba shi wata biyar. A Tarkwa wata bakwai. Bolga mai nisan nan, ya ce to nan dai ƙafarta ba ta kai ba, sai ga farin mayafi ƙarƙashin ɗorawa. 'Yan wasa suka ce aljana ce ta aure shi. Wani malami ya ba shi laya ya cusa a safa, ta sa masa ƙaiƙayi kawai.  Shi kuwa ya san fuskar sarai, kuma ya san abin da ta zo karɓa.

A shekarar casa'in da ɗaya babu mai son tsohon gola sai wani ƙaramin kulob na Koforidua. Wasansu na ƙarshe ya faɗo a filin Kawukudi, tsakanin Nima da Maamobi. In aka ci su, sun faɗa rukunin ƙasa. Golan na biyu kuma ya karye a yatsa.

"Yau ko hanjinka ne ya zubo, ka kwashe ka shiga raga," in ji Koci Wasiu. "Chale, ɗan'uwa, ba gidanku ba ne? Wa ke gudun gida?"

Ya ja hular rana har gira, ya shiga.

Filin jar ƙasa, ƙamshin suyar ayabar kelewele, lasifikar masallaci ana gwada ta don la'asar. A nan ya koyi faɗuwa, shi da wani abokinsa da suke karɓa-karɓar raga da safar hannu guda. Bai bari tunanin ya zauna ba.

Ba a ci kowa ba har saura minti uku, sai rafali ya busa fenariti na zalunci. 'Yan Koforidua suka yi masa caa. Kyanwa ya tsaya a layi, hannu a baya. Aka buga, ya tashi hagu, ya ture ta da yatsu. Da ya sauka, gwiwa ta ce ƙas, har masu sayar da rake sun ji.

Filin ya tsage. Har 'yan Nima da aka hana ci suna yi: "Sei-du! Sei-du! Sei-du!"

Aka kwantar da shi bayan raga. Ya san ƙwallo ta ƙare masa. Ya kuma san yau babu trotro, domin ga farin mayafi yana ratso mutane, a hankali, mutane kuma suna matsa mata.

"Sannu, Mma Amama," wani ya ce. "Yau ba koko?"

Ta durƙusa. Warin hayaƙi da man ƙosai ne a jikinta. Ta kwance bakin zane, ta fito da guntayen tsofaffin jaridu da maiƙo ya huda, irin na naɗe ƙosai.

"Ban yi boko ba," ta ce, "amma na san zanen sunan nan. In na gan shi a takardar ƙosai, sai in ce a karanta min garin. Jaridar tsohuwa ce, shi ya sa kullum nake makara." Ta dubi hannayensa. "Hannun nan ya daina marin rafali ke nan, marin da ya sa aka hana ka ƙwallo har abada?"

Ya zaro katin daga jakarsa ya miƙa mata. "Mma, ga katin Seidu. Ki yafe min."

Ta naɗe yatsunsa a kan katin, ta tura masa.

"Ni ba karɓa nake zuwa ba, Dramani. Da idona na ga an fita da makarar Seidu, abokin nan naka. Amma tun ranar nan, duk ƙasar nan babu inda ake kiran sunan ɗana da ƙarfi sai bayan ragarka."