Tiyar Inna da Shinkafar Agaji

Shekarar da kogi ya ci gonaki, ina 'yar shekara tara, na raka Inna kasuwar Malanville da shinkafarmu ta ƙauyenmu Garou. Gonarmu nesa take da gaɓa, ruwa bai kai ta ba. Har yau ina jin ƙanshin gumin shinkafar nan a hancina.

Har la'asar ba wanda ya taya. A makon aka raba shinkafar agaji daga ƙasashen waje, fara fat, kowane gida da buhunsa. Inna na zaune, tiyar awonta a kife.

Na ce, "Inna, mutanen nan sun cuce mu."

Ta ce, "A'a, ɗiyata, masu yunwa sun ci, Allah shi saka musu. Amma da sun tambaya, da mun saida musu tamu, su raba."

Yau ina koyar da tattalin arziki a jami'a, kuma duk bincikena a kan maganar nan yake. Bara masu agaji suka zo Garou sayen shinkafar rabo. Inna ta tsufa, amma ta hana kowa taɓa tiyar nan. Da kanta ta auna musu.