Haƙorin da Na Bari a Filin Jirgi

Sau ɗaya tak Baba ya taɓa dukana, kuma a tsohon filin jirgin Jidda ne, na cikin gari. Ina 'yar shekara tara muka je tarbar Kawu, ƙanin Inna, da ya dawo daga aiki a tsibirin Bahrain. Igiya ce kawai tsakaninmu da jirgin.

A gidanmu na unguwar Bagdadiyya, in baƙo ya iso yaro ba ya tsayawa kallo, da gudu yake zuwa ya karɓi kaya. Ina hango hular Kawu a ƙofar jirgi na sulale ta ƙarƙashin igiyar, ina ihun oyoyo. Farfelar jirgin ta gefen nan ba ta gama tsayawa ba, ni kuwa ban ma gan ta ba.

Sai ji na yi an mangare ni ta ƙeya. Na kifa a kwalta mai zafi, haƙorina na gaba ya karye, bakina ya cika da jini da warin kananzir. Ɗankwalina ya tashi, farfela ta yi kaca-kaca da shi.

Wani askari mai gadin filin da ya ga ƙato ya doki yarinya ya hau Baba da kulki har goshinsa ya fashe. Baba bai kare kansa ba. Yana durƙushe a kaina, jininsa na ɗiga a rigata.

"Halas, shi ke nan, ki tsane ni," in ji shi, "amma ki tsane ni da kanki a wuyanki."

Yanzu jikokina sun dame ni in je a gyara haƙorin. Ba mai taɓa shi. Abin da ya rage mini ke nan daga hannun Baba.