Jan Man Hiltrud

Hiltrud ta haura shekara sittin, amma duk ƙauyensu na bakin kogin Mosel an san ba ta da tamoji a fuska kamar sa'o'inta. Ita kuwa ba ta ɓoye sirrin: jan man da ta gada wurin kakarta.

Kowace shekara ranar bikin Yohanna, lokacin da rana ta fi daɗewa a sama, sai ta tsinko furen nan ruwan ɗorawa da ke fitowa a gefen hanya, ta cusa a kwalba, ta cika da man zaitun, ta ajiye a bakin taga rana ta yi ta dukansa har ya koma ja wur. Da shi take shafe fuska da wuya kafin ta hau gonarsu ta inabi.

Gonar nan kuwa a jikin tudu take, ƙasarta duk fallen baƙin dutse. Rana ta dake ka ta sama, dutse ya maido maka da zafinta ta ƙasa. Mijinta Wendelin ba ya hawa sai da malafa.

"Ke tsohuwa, ga taki malafar can a rataye, gizo-gizo har ya tare a ciki," in ji shi.

"Bar shi ya zauna, ba kuɗin haya zan karɓa ba. Man da ya nuna a cikin rana, me rana za ta yi masa? Dubi fuskarka, dattijo, kamar busasshen inabi, sannan ka dubi tawa."

Sai ya yi dariya ya ƙyale ta.

To, wata shekara wani baƙin ɗigo ya fito mata a saman kunne. Wendelin ne ya fara gani. Ɗigon ya yi ta faɗi, gefensa ba daidai ba, in tsefe ya taɓa sai jini. Hiltrud ta ƙara yawan man, safe da yamma.

"Abin nan bai kwanta mini ba, Hiltrud. Mu je a duba."

"Inabi ya nuna, wa zai tsinke? Bari a gama."

Aka gama tsinka, aka shiga matsa, sanyi ya shigo ta rufe kunnen da hular ulu, magana ta mutu. Sai da wani kullutu ya taso mata a wuya sannan ta yarda suka je asibiti.

Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta daɗe tana kallon sakamakon gwajin da aka yi wa Hiltrud.

"Uwargida, ciwon dajin fata ne, kuma ya riga ya bazu ya wuce kunnen. Me kike shafawa?"

Hiltrud ta fito da 'yar kwalbarta daga jaka.

"Man nan yana sa fata laushi, ban musa ba," in ji likitar. "Amma ba ya tare rana. Furen ma kan sa fatar wasu ta fi saurin ƙonewa. Da tun yana ɗigo kika zo, da ɗan yanka ne kawai."

Suka kama hanyar gida. Sai da suka iso gindin tudun ta ce, "Dattijo, da ka matsa mini."

"Na yi ta dariya ne," ya ce, ya share ido.

An yanke kunnen, an yi magani iya yi. Hiltrud ba ta ga tsinkar inabi ta gaba ba. Bikin Yohanna ya zagayo, furen ya cika gefen hanya ba mai tsinka. Wendelin yana hawa tudu shi kaɗai, malafarta kuwa na nan a rataye, ya kasa saukewa.

'Ya'yana, itatuwa da furanni suna da amfaninsu, amma laushin fata ba shi ne kariya ba. Ku sa malafa, ku shafa man kariya daga rana wanda aka gwada, kuma duk tabon da ya canja kama ko ya yi jini, ku kai wa likita tun yana ƙarami, kada ku jira a gama aiki.