Tabon Uwani

A shekara ashirin da shida da Hajiya Asma'u ta yi tana haɗa magani, sau ɗaya tak ta taɓa yi wa mai neman magani ƙarya. Illa dai ƙaryar duk Laraba ake sabunta ta.

Kemis ɗinta yana Unguwar Sarki, a wani layi da ya yi tsit tun da aka kwashe ma'aikata zuwa Abuja. Mijinta ya rasu. 'Ya'yanta biyu, ɗaya a Legas ɗaya a Jidda, suna aiko da wasiƙa idan Sallah ta tuna musu. Masu shigowa shagon maganin ciwon kai suke saye, su fice kafin ta gama amsa sallama.

Uwani ce kaɗai ta taɓa zama a kan bencin shagon. Tsohuwa ce daga Rigasa, ta bar tuyar ƙosai bayan mai ya fantsamo mata a kunci, ya bar baƙin tabo kamar faɗin kwabo. Ta ce ba don ado take neman maganinsa ba, ta dai gaji da kallon da ake mata a mota.

Hajiya ba ta yarda da mayukan da ake jibgewa a Babbar Kasuwa ba, masu mayar da fuska ja su bar gaɓoɓin yatsu suna faɗin gaskiya. Nata ta haɗa mata: mai mara ƙamshi da garin niyasinamaid, wani ɗan gidan bitamin B wanda ba ya sauya wa mutum launi. Aikinsa kawai ya dusar da tabo, ya kwantar da fata, a hankali, cikin wata biyu ko uku.

Kafin a gama dama man, Uwani ta ba ta labarin Kaduna tun tana daji, da na mijinta mai gyaran layin dogo, da yadda ake gane wake mai ƙwari ba a fasa buhu ba. Aka sha shayi. Awa biyu suka wuce. Hajiya ta ji muryarta ta dishe, don ta daɗe ba a more ta haka ba.

Man zai iya wata shida a ajiye bai yi komai ba. Hajiya ta lalubo mafi ƙanƙantar kwalba a shagon.

"Inna, kwana bakwai yake yi ya lalace. Sai ki dawo Laraba a haɗa sabo."

"To, Likita. Abin Turawa ke nan, ba shi da jimiri."

Haka Laraba ta zama rana a cikin ranaku. Mota biyu Uwani take hawa, Rigasa zuwa Kasuwa, Kasuwa zuwa Unguwar Sarki, da dakuwa ƙulle a bakin mayafi. Hajiya ta sayi kofi na biyu. Ta gaya wa kanta wannan bibiyar maras lafiya ce, kuma a makaranta an koyar da muhimmancinta.

Mako shida na farko tabon ya yi ta dushewa, Hajiya tana yaba wa maganin da murya irin ta mai ta'aziyya. Sai kuma ya dawo, ya fi da baƙi. Ta ƙara ƙarfin haɗin. Ta hana Uwani shiga rana, har lema ta ba ta. Tabon bai ji ba. Wani makon ya ɗan matsa wajen kunne, wani makon ya kusanci hanci. Ta zazzage littattafanta kaf, ba ta ga inda aka ambaci tabo mai yawo ba. Idan ta kai hannu za ta duba, sai Uwani ta ja mayafi.

"Bar shi, Likita, ba ya son taɓi."

A wata na takwas tsoro ya kama Hajiya, na gaske wannan karon. Baƙin tabo mai sauya siffa, wanda ba ya jin magani, ta san sunan da littattafai suke ba shi: ciwon dajin fata. Ta rubuta takarda zuwa ga likitan fata a babban asibiti. Ta kuma san daga ranar da likita ya karɓi Uwani, bencin ya koma na ƙudaje. Takardar ta yi mako biyu a aljihun tebur kafin ta iya miƙa ta.

"Inna, man nan ba ya lalacewa a kwana bakwai. Ni na ƙirƙira, ki yafe mini. Ki kai wannan asibiti, za su yanki 'yar fatar wurin su duba."

Uwani ta juya takardar a hannu. "Yanka kuma?"

"Kaɗan."

"To, Allah ya kai mu."

Ba ta shanye shayinta ba.

Laraba ta zo, ba Uwani. Ta gaba ma haka. A ta uku Hajiya ta rufe shago da hantsi, ta hau mota biyun nan, ta gano da ƙugunta irin nisan da ta riƙa ɗora wa tsohuwa. A Rigasa ta yi ta tambayar Uwani mai ƙosai, har aka kai ta wani ɗaki a ƙuryar gidan haya.

"Zazzaɓi ne ya kayar da ita," in ji maƙwabciyar da ta raka ta. "Ke ce ta farko da ta zo dubiya. Ba ta da kowa a garin nan."

Tabarma ce a ɗakin, da tukunya ɗaya. Uwani ta ɗago kai, ta kai hannu neman mayafi, amma ta makara.

Hajiya ta dubi kuncin dama. Ta dubi na hagu, ko ita ce ta manta gefen. Duka biyun sumul.

"Da kin aiko kina tafe," in ji Uwani, "ai da na shirya."

Tabon ya warke tun a wata na biyu. Sauran wata shidan, da katambiri, baƙin ruwan da mata ke zanen kwalliya da shi a fuska, Uwani take zana shi duk safiyar Laraba, kuma ba ta da madubi.