Randar Ɗan'azumi

Da azahar Asma'u ta leƙa randar da ke ƙofar gidansu, ta tarar ruwan ya sake yin ƙasa. Da hantsi fa ta cika ta taf. Ta dubi lungun ta nan, ta duba ta can, ko kyanwa babu. Tun da aka shafa wa bangayen unguwarsu ta Nuzla a Jidda jan fenti, alamar za a rushe unguwar, maƙwabta suka kwashe, gidansu kaɗai ya rage da mutane. Amma ga moɗa a jiƙe, ga ɗigon ruwa a ƙasa.

Ta sake cika randar, ta shige ba ta waiwaya ba.

Kakan mahaifiyarta Rahamatu, wato Ɗan'azumi, shi ya kafa randar nan tun saukarsa Jidda. Ya ɗaura mata laya a wuya, ya bar doka biyu: kada ta bushe, kuma ɗan gida ba ya sha. Randa ta sha fashewa ana sake wata, layar ce ba a taɓa sakewa ba. Dalilin kuwa, kowane yaro a gidan ya haddace shi.

Ga yadda ake ba da labarin. Ɗan'azumi ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa tare da ayarin maniyyata, har suka iso bakin Bahar Maliya ta wajen Sudan. Suka tarar Turawan Ingila na kafa sabon gari, Bur Sudan, don manyan jiragensu su samu wurin tsayawa, jirgin ƙasa kuma ya riƙa sauke musu kaya har bakin teku. Wuri ne fa ƙeƙasasshe, rairayi da gishiri, ba rijiyar kirki. Maniyyata guzuri ya ƙare, suka shiga leburanci, suna fasa dutse suna shimfiɗa layin dogo.

Ruwan sha jirgi ke kawo musu, a zuba a wani tankin ƙarfe. Wata bazara jirgin ya makara. Baturen da ke kan aikin ya sa aka danna wa tankin kwaɗo, ya ce sai nasa mutanen. Ya zaɓi mutum ɗaya daga cikin maniyyatan, ya rataya masa mabuɗi a wuya, ya ce ya yi gadi, ladarsa moɗa guda safe da yamma.

'Yan ayarin suka kewaye tankin suna roƙo. Suna kiran mai gadin da sunan da uwarsa ke kiransa, suna haɗa shi da Allah da Annabi. Bai buɗe ba. An ce da rana ta take, muryoyinsu suka koma kamar ana goga busasshen kara a bango. Kafin jirgi ya iso an yi ta haƙa kaburbura. A ayarin duka Ɗan'azumi ne ya rayu, kuma har ya mutu ba ya iya jin ƙarar moɗa a gindin randa.

Asma'u tana yarinya ta taɓa cewa Allah ya tsine wa mai gadin nan. Rahamatu, wadda ko ƙuda ba ta iya kashewa, ta make mata baki har sai da ya yi jini. Daga ranar Asma'u ba ta ƙara ba, amma a ranta ba ta daina tsine masa ba. Tana alfahari da kakansu, mutumin da ya ga ƙishirwa da idonsa, ya tsira, ya ƙare rayuwarsa yana shayar da bayin Allah.

To, yanzu ga katafila ta iso lungun baya. Ƙanenta Abdulelah ya samo musu ɗakuna a unguwar Khumra, can saman bene, inda ba ƙofar titi balle wurin kafa randa. Rahamatu kuwa tana kwance ba lafiya, ba ta da magana sai ɗaya: kada su zo su tarar da ita a bushe. Su wa? Ba ta faɗa. Asma'u dai ta gane 'yan ayarin take nufi, kuma wallahi ta gaji. Ta gaji da ɗibar ruwa, ta gaji da tsoron azahar.

Ranar tashi ba ta zuba ko ɗigo ba. Abdulelah ya ciccibi tsohuwar zuwa mota yana ce wa Asma'u, "Yalla, Yaya, mu tafi, halas, an gama, rana na yi."

Rahamatu ta hango randar, ta riƙe hannun 'yarta gam. "Ma'u, ki zuba musu."

"Ummi, mun yi iya yinmu. Sadaka ce, ai ba dole ba ce."

"Sadaka," in ji tsohuwar. Hawaye ya gangaro mata.

Zuciyar Asma'u ta karye. Ta ce bari aƙalla ta kwanto mata layar, ta riƙa gani tana jin sanyi. Ta koma lungun ita kaɗai. Rana ta take, iska ta tsaya cak. Kafin ta ƙarasa ta ji shi sarai: ƙarar moɗa tana kankarar busasshen gindin randa, ƙar, ƙar, ga kuma ba kowa. Ta yi bisimilla, ta fizgi igiyar layar da ƙarfi don ta yi ta gudu.

Tsohuwar fatar layar ta dare a tafin hannunta. Ba rubutu a ciki, ba aya. Mabuɗin kwaɗo ne, ya yi tsatsa, da guntuwar igiyar da aka rataya wa Ɗan'azumi a wuya.